Ƙullin da Kaka Ta Ƙi Kwancewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Waɗanda suka ga sitatus ɗina sun riga sun sani, waɗanda datarsu ta ƙare kuma yanzu ku ji: Kaka ta rasu. Mahaifiyar Babanmu nake nufi, ta gidanmu na Tudun Wada mai bishiyar gwaiba a tsakar gida. Ta yi azahar a zaune, ta ce Gwaggo ta miƙo mata ruwa, kafin Gwaggo ta dawo da kofin, shi ke nan. Ba jinya, ba wahalar da kowa.

Maza sun yi zamansu a waje yadda aka saba, tabarma da buta da addu'a. Cikin gida ne abin ya wuce misali. Mata! Daga Gyallesu, daga Tudun Jukun, har da 'yan gayun Hanwa masu baƙin gilashi. Baba ya leƙo ya kira Mama gefe, ya ce, "Wai duk waɗannan danginmu ne?"

Mama ta ce, "Alhaji, 'yan kwalla ne."

Ya san da kwallar, bai dai san cikinta ya kai haka ba.

Mai ƙosan layinmu ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Kaka, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, maimaitawa kawai take, "To yanzu ina za mu kai?" Mai POS na bakin titi ya naɗe lemarsa har aka yi sadakar uku, mutumin da ko ranar Sallah ba ya naɗewa. Wata tsohuwa kuma ta riƙe hannuna ta ƙare mini kallo, ta ce, "Ke ce mai wayar nan ko? Allah ya shirye ki." A gidan makoki fa! Na ce amin, don na san laifina.

Kukan dai na yi na gaji. Yau fariya zan yi da kakata, kuma zan rubuta ne don ƙannena da 'ya'yan da za mu haifa, kar su tashi su ji an ce "wata tsohuwa ce mai kirki" a wuce wurin. Kirki ai kowace gawa ana ce mata. Tawa daban ce.

Bari in fara da kwallar. Tsohuwar kwalla ce mai murfi, irin ta jeren amaren da, fentinta duk ya ɓantare, tana ƙarƙashin gadon ƙarfen Kaka. Mata ke kawo mata ajiyar kuɗi. Ba adashi ba ne, ajiya ce kawai. Wannan tana tarin keken ɗinki, waccan na kuɗin makarantar yara, wata kuma ba ta so ne maigida ya gani, don da ya gani zai ce a ara masa zuwa ƙarshen wata, kun kuma san watan nan ba ya ƙarewa.

Ƙa'idarta ɗaya ce tak. Ki yago ƙyalle daga tsohon zanenki, ki ƙulle kuɗinki da hannunki, ki miƙo. Ba ta tambayar nawa ne, ba ta rubuta suna, ba ta karɓar ko sisi. Ran da kike so ki zo ki nuna ƙyallenki ki ɗauka. "Hannun da ya ƙulla shi ke kwancewa." Wannan maganar na ji ta ta fi sau dubu. Fiye da shekara talatin ba a taɓa cewa mace ta zo neman ajiyarta ta koma hannu wofi ba, kuma da wannan sunan Kaka take taƙama, ba da gida ko zane ba.

Na taɓa tambayarta ina ta samo wannan tsari. Ta ce a zamanin soja, Malam, wato kakanmu namiji, ya sayar da gonarsa ta gado ya kai kuɗin wani banki don ya biya kujerar Makka. Wata safiya ya je ya tarar da kwaɗo a ƙofa, an manna takarda. Gwamnati ta ce kowa ya kwantar da hankalinsa, an kafa kwamiti. Ya yi shekaru yana zarya da katin bankin a aljihu. Da aka tashi biya, abin da aka ba shi ko rago mai kyau ba zai saya ba. Har ya rasu bai ga Ka'aba ba.

Ta ce, "Sun zuba na kowa a tukunya ɗaya. Da ta fashe ba wanda ya gane miyarsa."

Ni da ita kullum cikin tsiya muke. Sunana a wurinta Hajiya Latsa, wai yatsana ba ya hutawa a kan waya. Ni kuma in ce mata Manaja. In na dawo daga lakca na zube a gadonta, sai ta ce, "Tashi mini, kin kwanta a kan dukiyar mutane da wannan wandon naki kamar na mai kamun kifi." In na ce ina jin yunwa ta ce in latso tuwo a waya. Amma kafin in gama ƙorafi ta turo mini kwanon ɗumame da man shanu. Goro take ci fari, rediyo take ji da ƙarfi kamar tana faɗa da shi, kuma tiransifa a wurinta kuɗin aljanu ne, ana jin labari ba a gani.

Sai ga shekarar canjin kuɗi.

Kun tuna ai. Aka wayi gari gwamnati ta ce an sake wa manyan takardu launi, kowa ya kai tsofaffi banki kafin wa'adi, in ya wuce sun zama takardar tsire. Kaka ta ji a rediyo ta ce, "Na ga na fam da sule, na ga na soja, wannan ma zai wuce." Ta ci gaba da cin goronta.

Baffa ne ya tayar da hankalin gidan. Ƙanin Baba ne, ma'aikacin banki, a Hanwa yake zaune. Ya zo da laktaye a wuyansa ko zama bai yi ba.

"Inna, wannan karon ba wasa ba ne. Ki fito da kwallar nan in kai."

"Ka kai ina?"

"Wurinmu mana."

"Wurinku. Inda aka kai na ubanka?"

"Inna, wancan zamanin daban."

"Kwaɗon ne aka daina ƙerawa?"

Ya juyo ya kalle ni wai in sa baki. Ni kuwa dama jira nake. Na ce, "Manaja, ki bar Baffa, maza ba su da sirri. Ni ina da akawun. A zuba a nawa, in an kwana biyu in ciro sababbi fil, kowa a ba ta nata. Shaf-shaf, wallahi, ko gumi ba za ki yi ba."

Kwana biyu suka wuce. A na uku ta fara aikawa a kira matan, ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta zo, Kaka ta ajiye mata ƙullinta a gaba ta ce, "Ga naki. Ko ki ɗauka, ko ki kwance da hannunki ki ba wannan 'yar latse-latsen. Ni ban ce ki yi ba, ban ce kar ki yi ba." Kaɗan suka ɗauka. Yawancinsu ba su da akawun, in sun kai gida kuma asiri ya tonu. Haka suka riƙa kwancewa suna miƙo mini, ina shigar da na kowa a waya, ina jin kaina wata babbar yarinya.

Ƙulli ɗaya ya rage, na wani shuɗin atamfa mai zanen tsuntsaye. Na uwar 'yan biyu ne, wata baiwar Allah ta Tudun Jukun da mijinta ya yi haɗarin babur ya kasa tashi. Shekara biyu tana wankau tana tarawa don ta sayi injin markaɗe. A lokacin ta tafi ƙauyensu jinyar mahaifiyarta, can inda ko an hau bishiya ba a samun sabis. Na kira lambarta har wayata ta yi zafi. An yi saƙo ta hannun direban motar kasuwa, shiru.

Ana gobe wa'adi na ce, "Kaka, kawo shuɗin nan in haɗa."

"Ta ce miki ki kwance?"

"Ba a same ta ba ai."

"To."

"Kaka, mutuwa za su yi fa!"

"In sun mutu a hannuna suka mutu. Na san inda zan neme su."

Baffa ya yi magiya, ya yi faɗa, har ya kawo mata maganar malamai, ya ce lalura ai tana halatta abin da aka hana. Ta ce ya bari sai ta tambayi malamin da ba ya karɓar albashi a banki. Ya fita ya buga ƙofar mota da ƙarfi, sati biyu bai zo gaishe ta ba.

Ni dai na kwashi sauran a jakar makaranta na nufi banki da sassafe. Tab! Layi ya zagaye gini ya fita titi. Mai gadi yana raba lamba kamar mai rabon zakka, wani Alhaji ya cire babbar riga yana neman dambe, wata mata ta shimfiɗa ɗankwali ta yi walaha a kan layi don kar a cinye mata wuri. Sai bayan la'asar na shiga. Da alat ya shigo na dawo gida ina rawa, na nuna wa Kaka fuskar wayar na ce, "Ga kuɗin mutanenki, kwance lafiya lau."

Ta leƙa ta ce, "Ni lamba na gani."

Wallahi tsohuwar nan kamar ta san gaibu. Shigarwa ce mai sauƙi, fitarwar ce bala'i. Sababbin kuɗin da aka yi ta talla babu su. Na'urar cire kuɗi ta bushe ƙaf. In ka yi sa'a ka shiga ciki, a miƙo maka ɗan abin da ba zai yi cefanen kwana biyu ba a ce ka dawo gobe. Masu POS suka koma sayar da naira da naira. Tiransifa kuma ka tura a cire a naka, ya ƙi shiga na mai shago, ku tsaya kuna kallon juna kamar zakaru. Aka ƙara wa'adi 'yan kwanaki, ya sake cika. Daga nan gwamnatin sama ta ce tsofaffin kuɗi sun mutu, ta jiha ta ce suna nan da ransu a ci gaba da karɓa, kotu ta ce a dakata tukuna. 'Yan kasuwa suka ce ku gama rigimarku, mu dai ba ma karɓa. Baffa da kansa, ma'aikacin banki guda, sai ga shi ya dawo gaisuwa, a ƙarshe ya sunkuyar da kai ya ce ko Inna tana da ɗan canjin da zai hau keke, motarsa ba mai.

Ni kuma a makon na canja rigar wayata, wata mai ƙyalƙyali ta ɗari biyar. Shi ke nan magana ta zaga unguwa: jikar Hajiya ta cinye kuɗin mata ta sayi sabuwar waya.

Wata safiya ina shirin tafiya lakca na ji sallama ta ƙi ƙarewa. Na leƙo, mata sun cika tsakar gida har gindin gwaiba, ba mai murmushi. Na koma ɗaki na ce, "Kaka, mu ce ba kya nan."

Ta ce, "Ni banki ce da zan sa kwaɗo? Ɗauko tabarmi."

Ta sa aka shimfiɗa, ta sa Mama ta dama kunu babbar roba, ta fito ta zauna a tsakiyarsu, ta zaunar da ni kusa da ita da wayar a hannu. Mai ƙosai ce ta fara.

"Hajiya, mu fa ba rigima muka zo ba. Amma an ce..."

"Na ji abin da aka ce. Yarinyar nan rawar kai gare ta, amma ba ɓarauniya ba ce. Kuɗinku suna cikin wannan abar, sun shiga sun ƙi fita. Ni na kira ku, don haka ni za ku riƙe. Yanzu kowace ta faɗa mini, me za ta yi da kuɗin yau? Ba gobe ba, yau."

Can mai ƙosai ta ce wake da mai. Wata ta ce masara, yara sun kwana biyu a kan garin kwaki. Wata maganin hawan jinin uwarta. Kaka ta yafa mayafi ta ce in tashi. Matar da ƙafa ta hana ta zuwa bikin dangi, ranar da ƙafarta ta taka har kasuwar Tudun Wada, mata na biye da ita kamar rakiyar amarya.

Wurin wani dattijo mai hatsi muka fara, wanda ya san ta tun tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Na tura masa kuɗin, abin ya tsaya yana ta juyawa. Na tura addu'a, na ɗaga wayar sama, na juya gabas, shiru. Gumi ya jiƙa mini hijabi. Dattijon ya dube ni ya yi dariya.

"'Yata, sauke hannunki kar ya sage. Ku auna musu. Ni Hajiya na gani, ban ga alat ba."

Sai bayan kwana biyu kuɗin suka shiga masa. Haka muka yi ta yi kusan wata guda, daga mai hatsi zuwa kemis, ni latsawa, ita tsayawa a gani. Mai POS ma ta je ta same shi a ƙarƙashin lemarsa, ta ce, "Kai ɗan nan, na san uwarka tun tana goyonka. Naira kake sayar wa marayu?" Daga ranar in ya samu tsabar kuɗi sai ya rage wa matan kwalla caji. Amma fa ba duka aka warware ba. Kuɗin mota, kuɗin tara na yara 'yan makaranta, ladan mai ruwa, waɗannan sai tsaba, tsaba kuwa babu. Matan sun daina zargi, amma in sun gaishe da Kaka a hanya tana sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin ta haka ba. Abinci ma ta rage.

Ana cikin haka uwar 'yan biyu ta dawo. Mahaifiyar ta rasu, ta dawo a rame. Mai injin da ta yi ciniki da shi a Gyallesu ya ce in ba ta kawo kuɗi a satin ba zai sayar wa wani, don kaya kullum tashi suke. Ta shigo da sallama, ta durƙusa.

Kaka ta jawo kwalla ta miƙa mata shuɗin ƙullin, yadda ta ƙulla shi. Matar ta kwance ta ga tsofaffin kuɗi, ta riƙe su kawai tana kallo. Ta riga ta ji labari a mota. Ba ta yi kuka ba, cewa ta yi, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, Hajiya. Ba laifinki ba ne."

Kaka ta ce, "Nawa ne injin?"

Ta faɗa.

Sai na ga Kaka ta kai hannu kunne. 'Yan kunnenta na gwal ne, da kuɗin man gyaɗarta ta saye su shekarar da Baba ya kai ta Makka, tun da na yi wayo ban taɓa ganin kunnenta babu su ba. Maƙallin ya ƙi buɗewa don daɗewa, ta ce, "Latsa, zo ki yi amfani da yatsun nan naki a abin kirki."

Uwar 'yan biyu ta ja da baya. "Wallahi Hajiya ba zan karɓa ba. Gwamnati ce ta kashe su, ba ke ba."

"Gwamnati kika ba ajiya?"

"A'a, amma..."

"An ce in kwance na ƙi. Taurin kaina ne, ba naki ba, ba na 'yan biyu ba. Karɓi, kar ki sa in yi rantsuwa."

Ni na raka uwar 'yan biyu wurin mai gwal. Ya auna, ya tura kuɗin kai tsaye ga mai inji, kuma ikon Allah ranar sabis bai yi gardama ba. Gwaggo da ta ji labari ta yi kwana uku ba ta yi wa kowa magana ba, don ta daɗe da sa ran 'yan kunnen nan, ba ta ɓoye ba. Baffa ya ce da an bi maganarsa da ba a kai ga haka ba. Kuma gaskiyarsa ce, har yau yana faɗa, ko a zaman makokin nan na ji ya faɗa wa Baba. Ni ma ban ce Kaka ta yi daidai a lissafi ba. Amma ni da na bi lissafin, ina na kai mutane?

Ba a yi sati uku ba rediyo ya ce to, an sasanta, tsofaffin kuɗi sun dawo, kowa ya karɓa. Haka kawai, kamar ba a yi komai ba. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Kaka ta kalli rediyon ta ce, "Sannunku da aiki."

Washegari da hantsi sai ga uwar 'yan biyu, hannunta duk ƙullun markaɗe, da shuɗin ƙullin. Ashe ba ta zubar ba. Ta ce ta fara biyawa wurin mai gwal, ya ce tuni an narkar da 'yan kunnen. Ta ajiye a gaban Kaka ta ce, "Naki ne yanzu, Hajiya. Na san bai kai ba."

A lokacin tsaba ta fi gwal daraja, banki bai gama sakin kuɗi ba. Na ce a raina yau Kaka za ta huce asara. Na kai hannu zan ƙirga, ta buge mini hannu.

"Wa ya aike ki? Je ki kira mini matan nan."

Suka zo. Ta kwance ƙullin da hannunta, shi ne na farko kuma na ƙarshe da na ga ta kwance, don ya zama nata. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda sauran kuɗinta ya maƙale a wayata ta damƙa mata tsaba a tafin hannu, ni ina gogewa a waya. Da aka zo kan ta ƙarshe kuɗin suka ƙare saura kaɗan, ta ɗaga filo ta cika da kuɗin goronta. Ta kakkaɓe ƙyallen, ta miƙa wa mai shi. Ranar ta ci tuwo malmala biyu.

Da suka watse na ce, "Manaja, to wanda ya rage a akawun ɗina ai ya zama naki. Yaya za a yi?"

"Ni me zan yi da kuɗin aljanu? Ba an ce an ƙara muku kuɗin makaranta ba, ubanki yana ta zagaye gida yana tsaki? Latsa musu."

Da shi na yi rajistar shekarar. Ban da shi da sai dai in jingine karatu, don Baba ya riga ya fara yi mini wa'azin haƙuri. Kunnenta kuwa haka ya zauna. Baffa ya sayo mata wasu, ta ce suna mata ƙaiƙayi, ta ba Gwaggo. Wani lokaci sai ta sa tsinken tsintsiya wai kar hujin ya toshe.

Jiya da rana, kwana biyu bayan addu'ar bakwai, sakamakon jarrabawarmu ta ƙarshe ya fito. Na buɗe a tsakar gida, mata na zaune ana ta karɓar gaisuwa. Na ci! Duka, ba ko ɗaya da ya maƙale! Ban san lokacin da na kurma ihu na yi tsalle ba. Gwaggo ta ce, "Ke! Gidan makoki ne fa, mara kunya!" Ni kuwa na riga na kwasa da gudu, wayar a sama, na ɗaga labulen ɗakin ina cewa, "Manaja, ga alat ɗinki!"

Gadon a gyare yake.

Ya Allah, baiwarka ta riƙe amanar bayinka ba ta ci ko sisi ba. Ga ta nan mun kawo maka ajiya. Ka yafe mata, ka yalwata kabarinta, ka haɗa ta da Malam a Aljanna. Wanda ya karanta har nan, kar ya tura mini hoton kuka. Ya karanta mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku.